Gadon Yaro: Abin Da Ya Kamata Uba Ya Duba Kafin Ya Biya Kafinta

Bara da damina ƙanina ɗan shekara biyar ya faɗo daga saman gado mai hawa biyu a ɗakinmu na haya a Agege, da tsakar dare. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ya yi a hannu. Gadon kuwa Baba ne ya saye shi wurin wani mai walda saboda araha, kuma babu shinge a gefensa. Washegari Baba da kansa ya ce abin kunya ne, mutumin da zai yi awa guda a Kara yana duba haƙoran sa da kofatonsa kafin ya taya, amma bai tsaya minti biyar ya duba inda ɗansa zai kwanta ba. Tun daga nan na shiga tambaya, ga abin da na tattaro.

Farko dai shekaru ne ke zaɓar gado, kuɗi na biye. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, likitocin yara sun ce a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin bargo, don kada wani abu ya toshe masa numfashi. In gado mai shinge za a yi masa, tazarar da ke tsakanin sandunan kada ta wuce santimita 6, wato kamar faɗin yatsu uku, saboda kada jikinsa ya zurma kansa ya maƙale. Daga shekara biyu zuwa uku, ranar da ka ga yaro ya fara haura shingen, to ya girme shi ke nan. A sauko da shi ƙaramin gado na ƙasa-ƙasa. Hawa na sama kuwa ba na yaron da bai kai shekara 6 ba ne, ko da akwai shinge.

Sai girma. Nan mutanenmu ke yin asara, sai a sa kafinta ya yi ɗan guntun gado daidai tsawon yaro. Alhali yaro ɗan makarantar firamare yana ƙara kusan santimita 5 zuwa 6 kowace shekara. Bayan shekara uku ƙafa ta fito waje, kuma katifar da aka yanka masa ba ta shiga wani gadon. Gara ka sayi mai tsawon ƙafa 6 tun farko, faɗi ƙafa biyu da rabi ko ƙafa 3. Wannan ma'aunin ne kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka ke yi, don haka canjin katifa ba zai ba ka wahala ba, kuma zai kai yaro har sakandare.

Katifa ma a duba. Danna ta da tafin hannu da ƙarfi ka saki. In ta dawo nan take, da dama. In ramin hannunka ya zauna, ko ka ji katako a ƙasa, bar musu kayansu. Kauri ba shi ne inganci ba, nauyin soson shi ne magana. Katifa mai inci 6 mai nauyi ta fi mai inci 10 da za ka ɗaga da yatsa biyu. Ga mai fitsarin kwance, a sa leda a ƙarƙashin zanin gado, kar a bar yaro a kan leda tsirara.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mazauna Kudu. A Kano ko Katsina ka shimfiɗa katifa a ƙasa shekara da shekaru ba komai. Amma a Legas, Fatakwal ko Onitsha, laima ce ke tasowa daga siminti. Ka ɗaga katifar da ta yi damina ɗaya a ƙasa, za ka ga baƙin fumfuna da wari, kuma wannan na tayar wa masu asma ciwo. Ga ambaliya a unguwannin da ke kwari. Saboda haka ko kuɗin gado bai samu ba, a jera katako a ɗora katifar don iska ta ratsa. In ƙarfe ne, duba wurin walda da fenti, don tsatsa na saurin cinsa a nan. In katako ne, nemi busasshe irin iroko ko maɗaci, ɗanye zai lanƙwashe. Ka girgiza gadon da hannu biyu a gaban mai shi kafin ka biya.

Kar a manta da gidan sauro. Sauron Kudu ba ya hutun rani, don haka ka ce wa kafinta ya sa sanduna huɗu na ɗaure shi. Gadon gwanjo kuma a haska mahaɗarsa da tocila. Ɗigon baƙi a lungu alamar kuɗin cizo ne. In an samu, ruwan zafi da rana, ba fiya-fiya ba. Wannan guba ce, kada a kusantar da ita shimfiɗar yaro.

In ƙuncin ɗaki ya tilasta mai hawa biyu, to shinge ya zagaye saman ta kowane gefe, ya ɗara katifa da aƙalla inci 5, tsani ya zama a kafe yake, kuma a nisanta shi da fankar silin. Akwai kuma wanda ake jawo na biyun daga ƙarƙashi da dare a mayar da safe, shi ya fi dacewa da ƙanana. Wannan zai taimaka wajen abin da malamai ke tunatar da mu, cewa a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10.

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 kullum, kusan rabin yininsa ke nan a kan wannan gadon. Mu dai mun mayar da namu wurin walda an sa shinge, babban wansa ya koma sama. Allah ya raya mana zuri'a.