Koyar da Yara Sarrafa Keken Guragu: Matakin da Ake Tsallakewa

A yawancin tarukan raba tallafi, da zarar an ɗora yaro a kan keken guragu an ɗauki hoto, sai taro ya watse. A wurin masana gyaran gaɓoɓi kuwa, a ranar ne aikin yake farawa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kan samar da irin wannan keke a wuraren da ke da ƙarancin kayan aiki ta jera matakai takwas, kuma horar da mai keken shi ne na bakwai. Haka nan sashe na 20 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙoƙin Masu Nakasa ta 2006 ya sanya horon dabarun zirga-zirga cikin abin da ya rataya a wuyan ƙasashe.

Daga cikin tsare-tsaren horon da suka yi fice akwai na Jami'ar Dalhousie da ke Halifas a Kanada, wanda likita Lee Kirby ya jagoranci ginawa tun daga 1996. Tsarin yana bi ne daki-daki: tafiya gaba da baya, juyawa a wuri guda, wucewa ta ƙofa, sauka daga keke zuwa gado, hawa tudu da gangarowa, sannan tsallake dakali. Ana koya wa yaro tura ƙafafun keken da doguwar turawa mai laushi maimakon gajerun fizga, domin kafaɗar da za ta yi shekaru tana wannan aiki tana saurin lalacewa. Ana kuma koya masa yawan sauya zama, don kada fata ta yi gyambo saboda dannuwa.

Dabarar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ɗaga ƙananan ƙafafun gaba a tsaya kan manyan na baya. Mai kallo zai ɗauka wasan banza ne, alhali ita ce mabuɗin sauran. Ƙananan ƙafafun su ne ke nutsewa a rairayi, su ne kuma ke cijewa a bakin kwata ko a dokin ƙofa. Idan aka ɗaga su, nauyi ya koma kan manyan, sai keken ya wuce. Ana koyar da ita ne mai horarwa yana tsaye a baya, riƙe da igiyar da aka ɗaura wa keken, don kada yaro ya faɗi ta ƙeya. Yaro kuwa ya fi kama ta cikin wasa, musamman idan ya ga wani mai keke irinsa yana yi.

A nan ne batun ya shafi ƙasar Hausa. Duk da an tabbatar a 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, akwai yaran da raunin laka ko lalurar ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa ta hana su tafiya. Keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, wanda aka saba gani a titunan Kano, yana da amfani ga doguwar tafiya, amma da wuya ya juya a cikin aji ko ya shiga banɗaki. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da aka sanya wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 ta wajabta gyara gine-ginen jama'a, sai dai ba ta isa lungu mai yashi ko zaure mai tudu ba.

A ganina, babban cikas yana cikin gida ne. Tausayi kan sa uwa ko yaya su riƙa tura yaro duk inda za shi, har ya girma bai taɓa zaɓar wa kansa hanya ba. Shi ya sa ake shigar da iyaye cikin horon, a nuna musu yadda ake karkata keke a sauko da shi daga dakali, da kuma lokacin da ya kamata su janye hannu su bi shi a baya kawai.