Dalilin da ya sa takarda ke yagewa, leda kuma ke talewa

A watan Yunin 2024 Gwamnatin Tarayya ta hana amfani da leda da robobin da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya a ma'aikatunta. Ga 'yan kasuwar Suleja, maƙwabciyar Abuja, abin tambaya shi ne ko jakar takarda za ta ɗauki nauyin da leda ke ɗauka.

Ana yin takarda ne da zaruruwan itace da aka dama da ruwa, aka shimfiɗa, suka manne da juna wajen bushewa. Inji yakan jera yawancinsu su fuskanci gefe guda, shi ya sa jarida ke yagewa sambal ta wani ɓangaren, ta karkace ta ɗayan. Dogon zare ya fi ƙarko, sake sarrafa tsohuwar takarda kuwa gajarta shi yake yi.

Matsalar ita ce ruwa, domin yana kutsawa tsakanin zaruruwan ya sassauta haɗinsu. Kwalin da ya jure lodi da hunturu a Kasuwar IBB ko ta Madalla yakan lotse da damina, ko ruwan sama bai taɓa shi ba, saboda danshin iska kawai.

Leda ba ta shan ruwa, kuma takan tale kafin ta tsinke. Ƙarkon nan nata ne ke sa ta daɗe tana toshe magudanan ruwa.