A Zamanin Wa Aka Haifi Kakanka?

Yau shirin namu ya yada zango a Tambuwal da Kebbe, kudancin jihar Sakkwato, domin bin sawun kakan da bai bar takarda ko guda ba.

In ka tambayi dattijo shekarar da aka haifi kakansa, sai ya yi maka dariya. Amma ka ce masa, “Baba, a zamanin wa?” Nan bakinsa zai buɗe. Mutanen da sun fi riƙe lokaci da sarauta, da yaƙi, da yunwa.

Wannan yanki ya ga tashin hankali ƙwarai. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Birnin Kebbi. Daga baya Tambuwal ta zama mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, zuriyarsa kuma ta riƙe har Dogon Daji da Sifawa. Sai dai Kabawa, mutanen Kebbi, ba su kwanta ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, Argungu, mazaunin Kabawa, ta sake zama ƙaya a wuyan Gwandu da Sakkwato. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1866, amma bai ɗore ba.

To, idan a gidanku ana cewa kaka ya baro ƙauyensu da dare saboda harin mahayan Sama'ila, Sarkin Kabi, ka sami madogara: Sama'ila ya hau gadon sarauta a 1883. Idan kuma an ce da gemunsa fari ya ji labarin shigar Nasara Sakkwato, to a 1903 tsoho ne, sai ka yi lissafi baya.

Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne son zuciya. Kowa so yake a ce kakansa malami ne ko mai tuta. To, wa ya yi noman da ya ciyar da mayaƙan? Wa ya ƙera mashin? Wani Bakabe ne, wani Bazamfare, wani kuma bawa ne da aka kamo, kuma iyalai kan yi shiru a nan. Zanen fuskar tsofaffi da sana'ar gado sukan faɗi abin da baki ya ɓoye.

Mai neman takarda kuwa, ya nufi gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda rahotannin jami'an Turawa kan gundumomi suke. Amma ya fara da tsohuwar gidansu tukuna, domin mata sukan fi maza riƙe wa ya auri wa.