Gaskiya ko Jita-jita: Masu Bautar Gumakan Tsohuwar Masar a Yau

Wai har yanzu akwai masu bautar allolin Fir'aunoni? Akwai su, kuma yawancinsu ba a Masar suke ba. A Shikago ta Amurka, Tamara Siuda ta kafa ƙungiyar Kemetic Orthodoxy a ƙarshen shekarun 1980. Kafin ita, a 1973, Ra Un Nefer Amen ya kafa Ausar Auset Society a Niyok, inda akasarin mabiya baƙaƙen fatar Amurka ne masu neman tushensu a Afirka. A ƙasar Ailan kuma aka buɗe Fellowship of Isis a 1976. Mabiyi kan ajiye ɗan gunkin Isis ko Anubis a kusurwar ɗaki, ya kunna turare, ya zuba masa ruwa, ya karanta addu'o'in da aka kwafo daga bangon kaburbura.

Jita-jitar tana shigowa ne idan aka ce addinin bai taɓa yankewa ba, wai wasu masu asiri ne suka riƙa miƙa shi hannu da hannu a ɓoye. Rubutun hoton Misirawa na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi ne a haikalin Isis da ke tsibirin Filae, kusa da Aswan, a shekarar 394. A ƙarni na shida Sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka rufe haikalin, wani sashensa ma ya koma coci. Daga nan duniya ta yi fiye da shekara dubu ba mai iya karanta rubutun, sai a 1822 Bafaranshe Champollion ya warware shi da taimakon dutsen da sojojin Faransa suka tsinta a garin Rashid a 1799. Duk addu'ar da mabiyin yau yake karantawa, ta hannun masu tonon tarihi da masu fassara ta iso masa. Kuma akwai wani giɓin da ba ya cikewa: Misirawan da ba sa rubuta wasula. Kamar a ba mutum ajami ba wasali ne cikin harshen da bai taɓa ji ba. Ga mutanen da suka yi imani cewa ƙarfin tsafi yana cikin furta suna daidai, wannan babbar matsala ce. Masu gaskiya a cikinsu ba sa musun haka, sake gina addinin suke cewa suna yi.

Katin duba na tarot, wanda ake tallatawa a matsayin hikimar allahn rubutu Thoth, ba shi da haɗi da Masar ko kaɗan. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro shi a ƙarni na 15, kuma karta ake yi da shi. Wani Court de Gébelin ne ya laƙa masa asalin Masar a 1781, shekara 41 kafin Champollion ya warware rubutun Misirancin da. Ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, ta ƙara cakuɗa shi da sufancin Yahudawa da taurari. Batun la'anar kabarin Tutankhamun ma haka: Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin tonon kabarin, ya mutu a 1923 bayan cizon sauro da ya aske ya rikiɗe ya zama ciwo, shi kuwa Howard Carter da ya buɗe kabarin ya kai 1939.

To, tsafin tsohuwar Masar mugunta ce ta ɓoye, kamar yadda wasu ke ɗauka, ko kuwa zallar warkarwa ce da zaman lafiya, kamar yadda wasu mabiyan ke son a yarda? Kowane ɓangare ya riƙe rabi. Heka, wato tsafin, aikin hukuma ne, malaman haikali masu karatu ke yin sa, abin da ba zai ba mai sanin labarin Annabi Musa da matsafan fada mamaki ba. Takardar magani ta Ebers, ta wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ta jera haɗin magani da kalmomin tsafi a wuri guda. Amma hukumar nan dai ita ce ke rubuta sunayen abokan gaba a jikin tukwane da gumakan laka, a farfasa a binne, kamar waɗanda aka tono a Mirgissa da ke arewacin Sudan ta yau. Cikin waɗanda aka gurfanar kan maƙarƙashiyar kashe Ramses na Uku har da masu yin gumakan kakin zuma.

Masu kiran kansu limaman Isis bayan 'yan watanni na karatu sun fi kowa yin nisa da asali. Talakan tsohuwar Masar ba ya shiga can cikin haikali. Sarki da wakilansa kaɗai ke buɗe ɗakin gunki kowace safiya, su wanke shi, su tufatar da shi, su ajiye masa abinci. Ma'aikatan ƙauyen Deir el-Medina, waɗanda suka haƙa kaburburan sarakuna, a gida suke ajiye gumakan Bes da Taweret don tsaron masu ciki da jarirai, kuma ibadar kusurwar ɗaki ta yau da tasu ta fi kama.