Yadda matasan masana ke farautar kura-kuran shekara 1,200 a littattafan tarihin Daular Rum

Mafi yawan abin da duniya ta sani filla-filla game da Daular Rum tsakanin shekarar 353 zuwa 378 Miladiyya ya fito ne daga alƙalamin mutum ɗaya, wani tsohon soja mai suna Ammianus Marcellinus.

Littafin nasa, wanda ya rubuta da harshen Latin, ya iso wannan zamanin ne ta kan wani tsohon kwafi da aka rubuta da hannu a Jamus kusan shekara 1,200 da suka wuce. Kwafin cike yake da kura-kurai da giɓi.

Saboda haka kafin malamin tarihi ya ce Ammianus ya faɗi kaza, dole sai wani ya zauna ya tantance ko shi ne ya faɗa, ko kuwa hannun mai kwafa ne ya zame. Wannan shi ne aikin da malaman Larabci ke kira tahƙiƙi. A jami'o'in Turai da Amurka, babban kaso na wahalarsa yana kan matasan da ba su daɗe da kammala digirin digirgir ba, waɗanda ake ɗauka aiki na shekara biyu ko uku.

Wane ne Ammianus?

An haife shi wajajen shekarar 330. Girkanci ne harshensa na gida, amma ya zaɓi ya yi rubutu da Latin bayan ya bar soja ya zauna a birnin Rum.

Ya ga yaƙi da idonsa. Yana cikin garin Amida, wato Diyarbakir ta Turkiyya a yau, lokacin da Sarkin Farisa Shapur na Biyu ya yi wa garin ƙawanya ta kwana 73 a shekarar 359, kuma da ƙyar ya sha. Ya kuma bi Sarki Julian zuwa yaƙin Farisa a 363, yaƙin da sarkin ya mutu a cikinsa.

Tarihin da ya rubuta juzu'i 31 ne, daga shekarar 96 zuwa 378, shekarar da ƙabilar Goth ta murƙushe rundunar Rum a Adrianople har Sarki Valens ya halaka. Juzu'i 13 na farko sun ɓace baki ɗaya. Sauran 18 ne ke hannu.

A cikin waɗanda suka tsira ne ake samun labarin garin Leptis Magna da ke Libiya ta yau. Mahara sun addabi garin, mutanensa suka nemi agajin kwamandan sojan Rum na Afirka mai suna Romanus, shi kuma ya ce ba zai motsa ba sai an kawo masa raƙuma 4,000. Da suka kai ƙara fada, sai jami'in da aka turo bincike ya haɗa baki da kwamandan, daga ƙarshe masu ƙarar ne aka hukunta, wasunsu ma aka kashe.

Ba don Ammianus ba, da kusan babu abin da za a sani game da wannan badaƙala.

Littafin da aka yanka aka yi bango da shi

A ƙarni na 9 an kwafi littafin sau biyu a wasu gidajen ibadar Kirista da ke maƙwabtaka a Jamus, ɗaya a Fulda, ɗaya a Hersfeld. A kan fata aka rubuta su.

Kwafin Fulda ya yi ɗaruruwan shekaru a ajiye, sai a 1417 wani sakataren Fafaroma ɗan Italiya mai suna Poggio Bracciolini, wanda ya shahara da farautar tsofaffin littattafai, ya gano shi. Aka kai shi Italiya, kuma yau yana ɗakin karatu na Fadar Vatican da lamba 1873 a jerin littattafan Latin. Duk sauran kwafe-kwafen da aka yi a Italiya a ƙarni na 15 daga gare shi suka samo asali.

Na Hersfeld bai yi irin wannan sa'ar ba. Wani masani mai suna Sigismund Gelenius ya yi amfani da shi wajen buga littafin a birnin Basel a 1533. Kafin ƙarshen wannan ƙarnin sai aka yayyanka shi aka yi bangon littattafan lissafin kuɗi da fatarsa. A 1875 aka tsinci warƙa shida daga cikinsa a garin Marburg, daga baya aka ƙara samun wasu 'yan guntaye.

Wannan asara ta bar wa masana ciwon kai. A bugun Gelenius akwai kalmomi da jimlolin da babu su a kwafin Fulda. Misali, a juzu'i na 17 Ammianus ya kawo fassarar Girkanci ta rubutun da ke jikin wani dogon dutsen Masar da aka kafa a Rum. Mai kwafa na Fulda ya fara rubuta Girkancin, sai ya gaza ya bar wurin fili, amma bugun Gelenius yana ɗauke da nassin mai tsawo.

Matsalar ita ce Gelenius bai bambanta abin da ya gani a tsohon kwafin da abin da ya gyara da kansa ba. Don haka duk inda ya saɓa wa kwafin Fulda, sai mai tahƙiƙi ya yanke hukunci: gadon ƙarni na 9 ne ko basirar mutumin ƙarni na 16?

Yadda ake aikin

Matakin farko shi ne gwada kwafi da kwafi, kalma bayan kalma, ana rubuta kowane saɓani komai ƙanƙantarsa. Wannan ne ke cin watanni, kuma yawanci shi ake fara ɗora wa sabon shiga.

Mataki na biyu shi ne fitar da nasabar kwafe-kwafen. A nan kuskure ya fi daidai amfani. Idan kwafi biyu suka yi daidai a wuri ɗaya, hakan bai nuna komai ba. Amma idan dukkansu suka tsallake layi ɗaya, ko suka ɓata suna iri ɗaya, to ko dai ɗaya ya kwafi ɗaya, ko kuma daga tushe ɗaya suka fito. Duk malamin makaranta da ya taɓa kama masu satar amsa ya san wannan dabara.

An daɗe masana da yawa na ɗauka cewa daga kwafin Hersfeld aka kwafi na Fulda. A 2016 wasu malaman Jami'ar Edinburgh biyu, Gavin Kelly da Justin Stover, suka sake bin guntayen, suka kawo hujjar cewa su biyun 'yan'uwa ne da aka kwafa daga tushe ɗaya. Bambancin yana da muhimmanci. Idan na Fulda ɗa ne, maganarsa ba ta da nauyi a gaban ubansa. Idan kuwa ɗan'uwa ne, to shaida ne mai zaman kansa da zai iya riƙe gaskiya a inda ɗayan ya kauce.

Mataki na uku shi ne gyara. Sai mai aikin ya san irin tuntuɓen da masu kwafa ke yi. A wasu tsofaffin salon rubutu haruffa irin su r da n da s sun yi kama. Lambobin Rumawa kuwa da haruffa ake rubuta su, saboda haka X ɗaya ta faɗi, goma ta tafi ke nan daga adadin sojoji ko na shekaru. Haka kuma idon mai kwafa kan yi tsalle daga wata kalma zuwa irinta a layi na gaba, ya haɗiye duk abin da ke tsakani.

Ammianus yana da wata al'ada da ke taimakawa. Yakan rufe kusan kowace gaɓar jimlarsa da wani kari na musamman, inda yake barin gaɓoɓi marasa nauyi biyu ko huɗu tsakanin masu nauyi biyu na ƙarshe. Idan mai tahƙiƙi ya ga karin ya karye, sai ya yi zargin an taɓa wurin, kamar yadda mai kunnen waƙa ke jin baitin da ya fita daga ma'auni.

A ƙarshe ana buga nassin da aka tace a saman shafi, a ƙasa kuma a jera da ƙananan haruffa abin da kowane kwafi ya ce da sunan wanda ya kawo kowane gyara, domin mai karatu ya iya ƙin amincewa da hukuncin idan yana da hujja.

Matasan da suka sauya fagen

Tarihin wannan fanni ya nuna cewa sau da yawa matashi ne ke ganin abin da ya shige wa manya.

Akwai wani littafin Latin da ake kira Historia Augusta, mai ɗauke da tarihin sarakunan Rum tun daga shekarar 117 har zuwa ƙarshen ƙarni na 3. Littafin ya nuna cewa mutum shida ne suka rubuta shi a zamanin Sarki Diocletian da Sarki Constantine, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana yarda da hakan.

A 1889 wani Bajamushe mai shekara 33, Hermann Dessau, ya ce ba haka ba ne. Ya nuna cewa littafin ya ɗebo daga marubutan da suka yi aiki bayan mutuwar Constantine, kuma salon duka shidan ɗaya ne. Hukuncinsa shi ne mutum ɗaya ya rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 4 ya ɓoye a bayan sunayen ƙarya. Malaminsa Theodor Mommsen, wanda shi ne jigon masana tarihin Rum a lokacin, bai amince da dukkan maganar ba. Yau mafi yawan masana suna bayan Dessau.

Shi ma Ba'amurke Charles Upson Clark bai kai shekara 30 ba lokacin da ya wallafa nazarinsa kan kwafe-kwafen Ammianus a 1904. Bugun da ya fitar a Berlin a 1910 da 1915, wanda ya tsara alamomin tsayawarsa bisa karin nan na ƙarshen jimla, har gobe ana komawa gare shi.

Muhawarar ba ta ƙare ba. A 2023 Justin Stover da George Woudhuysen sun fitar da littafi kan Aurelius Victor, ɗan ƙauye daga Arewacin Afirka da ya kai matsayin gwamnan birnin Rum. Sun kawo hujjar cewa gajeren tarihin da ake jingina masa taƙaitawa ce kawai ta wani babban littafinsa da ya ɓace. Masana na ci gaba da auna wannan magana, kuma a kan kwafe-kwafen hannu za a warware ta.

Aikin shekaru, kwantiragin watanni

Kafin matashi ya iya wannan aiki sai ya ƙware a Latin da Girkanci, ya koyi karanta tsofaffin salon rubutun hannu, sannan ya iya karanta Jamusanci da Faransanci da Italiyanci, domin da su aka rubuta yawancin binciken da ya gabata. Hakan kan ci shekaru da dama kafin ma ya kammala digirin digirgir.

Abin da ke jiransa bayan nan yawanci aikin wucin gadi ne. A Birtaniya, tallafin da Cibiyar British Academy da Gidauniyar Leverhulme ke bai wa sababbin masu bincike na shekara uku ne. A Jamus, wata doka ta 2007 ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragi mai wa'adi har shekara shida bayan digirin digirgir, wanda bai samu kujerar dindindin ba kuma sau da yawa sai ya nemi wata sana'a. A 2021 dubban masu bincike a ƙasar suka yi ta bayyana ƙorafinsu kan tsarin a shafukan sada zumunta. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Howard da ke Amurka ta sanar da rushe sashenta na nazarin Latin da Girkanci.

Shi kuwa aikin ba ya jin gaggawa. Sharhin da masanan Holan suka yi wa littafin Ammianus an fara buga shi a 1935, sai a 2018 aka kai juzu'in ƙarshe. Babban ƙamus ɗin Latin da ake haɗawa a birnin Munich an kafa aikinsa a 1894, kashin farko ya fito a 1900, kuma har yanzu ba a kammala ba, duk da katunan kalmomi kusan miliyan 10 da aka tara da kuma matasan da ke zuwa daga ƙasashe daban-daban suna ba da shekara ɗaya ko biyu.

Wannan ya sa matashi cikin tsaka mai wuya. Masu ɗaukar aiki na duba yawan maƙalun da ya wallafa, alhali wata shida na gwada kwafe-kwafe na iya ƙarewa da 'yan layuka a ƙasan shafi. Idan wa'adinsa ya cika kafin littafin ya fito, sai ya tattara ya koma wani gari ko wata ƙasa, ya fara wani aikin daban.

Fasahar zamani ta rage wani ɓangare na wahalar. Ɗakin karatu na Vatican da wasu manyan ɗakunan karatu na Turai sun ɗora hotunan dubban littattafan hannu a intanet, ta yadda ɗalibi a ko'ina zai iya faɗaɗa harafi ɗaya a allon kwamfuta ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba.

Duk da haka, gani ya kori ji. Hoto ba koyaushe yake nuna inda aka kankare fata aka sake rubutu ba, ko inda tawada ta sauya saboda wani hannun ya karɓi alƙalami. Kuma manhajar da ke jera saɓanin kwafe-kwafe ba ta ɗauke wa mai tahƙiƙi nauyin zaɓar wanda marubucin ya nufa.

Fassarar Ammianus da ake sayarwa yau da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci duk a kan irin waɗannan hukunce-hukuncen ta tsaya, haka ma littattafan makaranta da ke bayanin yadda Daular Rum ta Yamma ta fara raunana. Idan jami'o'i suka daina riƙe matasan da suka iya karanta kwafin Fulda da kansu, to masu tarihi na gaba za su ci gaba da dogara da bugun 1910 da na 1978, tare da duk kuskuren da ya rage a cikinsu.