Kutse Bisa Izini: Sana'ar Tsaron Intanet da Hanyar Shigarta Daga Mubi

Kutse bisa izini sana'a ce ta mutumin da ake biya domin ya gwada shiga kwamfutoci, manhajoji ko hanyoyin sadarwar wata ma'aikata ta ƙofofin da ɓarawo zai bi, sannan ya rubuta wa masu wurin abin da ya gani domin su toshe. Kayan aikinsa da na ɗan damfara iri ɗaya ne, dabarun ma haka. Abin da ya raba su takarda ce: yarjejeniyar da mai kayan ya sa wa hannu, wadda ta faɗi na'urorin da aka yarda a taɓa da waɗanda aka hana, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda za a kira cikin dare idan wani abu ya lalace. In babu wannan takarda, kyakkyawar niyya ba ta fitar da kowa a gaban alƙali.

Mubi gari ne da wannan zance ya shafa fiye da yadda ake zato. Kasuwanci ne ƙashin bayansa: kasuwar shanu da ke loda tireloli zuwa kudancin ƙasa, da fataucin da ke gudana tsakaninsa da Kamaru. A da kuɗin cinikin nan a jaka suke yawo. Ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi a farkon 2023 ya tura dillalai da 'yan tireda, har da waɗanda ba su so, zuwa ga taransifa da masu POS. Da kuɗi suka koma cikin waya, ɓarayi suka bi su can. Akwai alat na bogi da ake nuna wa mai kaya a kwashe kayansa. Akwai wanda zai kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Akwai mai neman lambobi shida na WhatsApp da sunan sanya mutum a wani taro, daga nan ya ƙwace asusun ya shiga roƙon 'yan'uwa kuɗi. Ga kuma manyan makarantu biyu a garin, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979 da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, waɗanda kamar sauran takwarorinsu suke rajista da karɓar kuɗin makaranta ta intanet. Duk inda aka tara kuɗi da bayanan jama'a, akwai aikin mai tsaro.

Dokar da ke hukunta laifukan intanet a Najeriya ita ce ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 6 ya haramta shiga kwamfuta ko hanyar sadarwar wani ba tare da izini ba, hukuncinsa kuma kan kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5, ya haura zuwa shekara 7 ko miliyan 7 idan an shiga da nufin kwashe bayanai ko sirrin kasuwanci. Wannan ya haɗa da ƙananan buƙatun da ake yawan kawo wa duk matashin da aka san ya iya kwamfuta: a buɗe wayar miji, a leƙa saƙonnin budurwa, a gyara sakamakon jarrabawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga sana'ar nan, ko da an biya.

Ko mai izini ma sai ya yi hattara da iyakar izininsa. A Satumban 2019 an kama ma'aikata biyu na kamfanin Coalfire cikin dare a wata kotu a jihar Iowa ta Amurka. Hukumar shari'a ta jihar ce ta ɗauke su aikin gwada tsaron gine-ginenta, takardar aikin tana hannunsu, amma shugaban 'yan sandan gundumar ya ce ginin na gunduma ne, jiha ba ta da hurumin ba da izinin shigarsa. Sun kwana a tsare, ba a kuma janye tuhumar ba sai a Janairun 2020. Tun daga nan ƙwararru suka ƙara nacewa kan tambaya ɗaya kafin fara kowane aiki: wanda ya sa hannu, shi ne mai kayan da gaske?

Aikin kansa yana da tsari. Ana farawa da tattara abin da kowa zai iya gani a fili game da ma'aikatar: adireshin shafukanta, sunayen ma'aikata, irin manhajojin da take amfani da su. Sai a bi na'urorin da manhaja irin Nmap domin gano ƙofofin da ke buɗe, a duba zirga-zirgar bayanai da Wireshark, a gwada shafukan intanet da Burp Suite. Yawancin waɗannan kayan suna zuwa a haɗe cikin Kali Linux, wanda kyauta ake saukewa. Abin da ake samu galibi ba abin mamaki ba ne: kalmar sirrin da ta zo da na'ura daga kamfani ba a canza ba, manhajar da ta shekara ba a sabunta ba, asusun ma'aikacin da ya bar aiki tuntuni amma ba a rufe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar nan sakaci ne ya haifar da ita, ba gwanintar ɓarawo ba. Mataki na ƙarshe shi ne rahoto, shi ne kuma abin da aka biya kuɗi dominsa. Dole ya faɗi kowace ɓaraka, da girman haɗarinta, da yadda za a gyara, cikin harshen da manaja zai gane. Matasa da yawa sun fi son ɓangaren shiga, suna raina rubutu, alhali rubutun ne ke sa a sake kiran mutum aiki.

Takardun shaida na wannan fanni ba gwamnati ke ba da su ba, ƙungiyoyi da kamfanoni ne na waje, kuma kowace da matakinta. Mai farawa yakan nemi Security+ ta CompTIA, jarrabawar minti 90 mai tambayoyin da ba su wuce 90 ba, ana cinta da maki 750 cikin 900. Tana auna sanin tushe: nau'o'in hari, ɓoye bayanai, kula da izinin shiga. Akwai kuma CC ta ƙungiyar ISC2, wadda a 2022 ta ƙaddamar da shirin ba mutum miliyan ɗaya horo da jarrabawa kyauta. CEH ta EC-Council suna ce da ke yawo a tallace-tallacen neman ma'aikata a Najeriya. Tambayoyi 125 ne na zaɓi cikin awa 4, kuma sai wanda ya yi kwas ɗin da suka amince da shi ko ya nuna shekara 2 a bakin aiki. Masu ɗaukar ma'aikata sun san sunanta, amma masu sana'ar suna sukarta da cewa mai hadda zai iya cinta bai taɓa shiga ko na'ura ɗaya ba. Sukar tana da tushe, shi ya sa kamfanin ya ƙaro wata ta aikin hannu mai awa 6.

Wadda masu kutse bisa izini suka fi girmamawa ita ce OSCP ta OffSec. Ba a tambayar komai da baki. Ana ba ɗalibi na'urori a cikin wata keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa, a ba shi kusan awa 24 ya shiga cikinsu, kyamara tana kallonsa, sannan a ƙara masa awa 24 ya rubuto rahoto. Maki 70 cikin 100 ake nema, kuma faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne a wurinsu. CISSP kuwa ta shugabanni ce, tana buƙatar shekara 5 na aiki a fannin, haka CISM da CISA na ISACA sun fi dacewa da manajoji da masu binciken tsari. Sabon ɗalibin da ya sa su gaba ya fara daga inda ake gamawa.

A nan ne zaman Mubi ke nuna kansa. Da dala ake biyan jarrabawar: Security+ sama da dala 400, CISSP dala 749, OSCP da kwas ɗinta sama da dala 1,500. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kuɗin kowace takarda ya ninka sau uku ba tare da an ƙara sisi a can ba. Yawancin takardun kuma sai an sabunta su duk shekara 3. Wanda zai rubuta daga gida yana buƙatar ɗaki shiru, kyamara, da wuta da netwok da ba za su yanke ba, domin yankewa a tsakiyar jarrabawa na iya jawo asarar kuɗin gaba ɗaya. Awa 24 ta OSCP ba ta yiwuwa sai da sola ko janareto da layukan waya biyu na kamfanoni daban. Ga sauran jarrabawoyin, in gida bai yiwu ba sai a nemi cibiyar jarrabawa a manyan birane, ga Yola ma kusan kilomita 200 ce ta hanyar Hong da Gombi da Song.

Koyon kansa ya fi takardar sauƙi. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ta isa a kafa ɗakin gwaji a cikinta: kwamfutoci biyu na kwaikwayo, ɗaya tana kai hari, ɗaya tana karɓa, ba tare da an taɓa kayan kowa ba, kuma da zarar an sauke su ba sa cin data. Darussan Web Security Academy na PortSwigger kyauta ne, haka picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, TryHackMe da Hack The Box kuma suna da ɓangaren da ba a biya. Kafin duk wannan sai mutum ya san yadda kwamfutoci ke magana da juna, ya saba da Linux, ya iya ɗan rubutun Python, ya kuma iya karanta Turancin fasaha. A makarantu, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe na musamman kan tsaron intanet, kuma a 2024 hukumar NBTE da ke Kaduna ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki tsaron intanet da kare bayanai. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2023, shi ma yana da wannan darasi, ga kuma CyberGirls na gidauniyar CyberSafe da ke horar da 'yan mata kyauta.

Akwai wata matsala da ba ta cikin manhajar karatu. Matashin da ke kwana gaban laftof yakan sha zargin zama ɗan Yahoo, daga maƙwabta har shingen bincike, kuma irin wannan zargi na cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a 2020. Katin makaranta, shaidar rajistar kwas da kwafin yarjejeniyar aiki suna da amfani a aljihu.

Game da aikin yi, gwajin kutse ƙaramin yanki ne na fannin, ba kasafai kuma ake ba sabon shiga ba. Ƙofar da aka fi shiga ta ita ce ɗakin sa ido, inda ake karɓa-karɓa dare da rana ana duba gargaɗin da na'urori ke fitarwa, a tace na gaske daga na ƙarya. Daga nan wasu kan koma binciken abin da ya faru bayan hari, irin aikin da EFCC da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda a Abuja ke buƙata. Bankuna ne manyan masu ɗauka, domin tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ya wajabta musu naɗa babban jami'in tsaron bayanai da yin gwajin kutse a kai a kai. Yawancin waɗannan kujeru suna Legas da Abuja. Wanda ya zaɓi zama a Mubi zai iya neman lada a dandalin HackerOne ko Bugcrowd, inda kamfanoni ke biyan duk wanda ya gano ɓaraka cikin iyakar da suka shata, sai dai gasar ta duniya ce, kuma ana iya wata da watanni ba a samu komai ba.

Aikin da ya fi kusa da gida ya fito ne daga Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC ta kuma wajabta wa ma'aikatun da ke riƙe da bayanan mutane masu yawa su naɗa jami'in kare bayanai. Manyan makarantu, asibitoci da ƙananan bankuna duk suna cikin masu riƙe irin waɗannan bayanai, kuma ana samunsu a Mubi da Yola kamar yadda ake samunsu a Legas. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 ya kuma rage wa'adin kai rahoton hari ga cibiyar ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana 7 zuwa awa 72, wanda ke nufin kowace ma'aikata na buƙatar mutum a kusa da zai gane an shigo mata, ya kuma san inda zai kai labari kafin lokacin ya cika.