Yadda Ake Zaɓen Fiyanon MIDI Domin Haɗa Kiɗa A Kwamfutar Hannu

A shekarun baya, matashin da ke zaune a gari irin Chinade ko Azare a masarautar Katagum ta Jihar Bauchi, idan yana son a ɗora wa waƙarsa kiɗan zamani, sai ya tanadi kuɗin mota da na situdiyo, sau da yawa har zuwa Kano. Yau kwamfutar hannu, wato tabulet, tana iya ɗaukar manhajojin haɗa kiɗa irin su BandLab da FL Studio Mobile da Cubasis, ga kuma GarageBand da ake samu kyauta a kan iPad. Sai dai taɓa gilashi ba ya ba makaɗi sakewar da maɓallan fiyano ke ba shi, shi ya sa ake haɗa tabulet da fiyanon MIDI. Wanda ya saya ba tare da sanin yadda na'urar ke aiki ba, yana iya dawowa gida da abin da ko ƙara ba zai yi masa ba.

Fiyanon da ba ya fitar da sauti

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, fiyanon MIDI ba shi da lasifika, kuma babu sautin kayan kiɗa a cikinsa. Aikinsa aika saƙo ne kawai. Idan aka danna maɓalli, sai ya sanar da tabulet wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, da kuma lokacin da aka sake shi. Manhajar da ke cikin tabulet ce ke mayar da saƙon ya zama sautin sarewa ko ganga ko jita. Ya bambanta ke nan da fiyanon Yamaha samfurin PSR da situdiyoyin Kano suka yi amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1990 wajen kiɗan finafinan Hausa, wanda shi yana da sautukansa da lasifikarsa.

MIDI yarjejeniya ce ta yadda kayan kiɗan lantarki za su fahimci juna. An fara nuna ta a bainar jama'a a watan Janairun 1983 a wani baje kolin kayan kiɗa a Amurka, inda aka haɗa na'urar kamfanin Sequential Circuits da ta kamfanin Roland na Japan. Dave Smith da Ikutaro Kakehashi, waɗanda suka jagoranci aikin, sun sami lambar yabo ta Grammy a 2013. Amfanin wannan yarjejeniya ga mai saye shi ne, fiyanon kowane kamfani yana magana da manhajar kowane kamfani. Matsalar da ake fuskanta ba ta harshe ba ce, ta mahaɗi ce da wuta.

A fara duba tabulet kafin fiyano

Tsarin Android ya fara karɓar MIDI a hukumance daga siga ta 6.0 da ta fito a 2015. Duk da haka, dole ramin cajin tabulet ya kasance mai iya karɓar na'urar waje, abin da masu sayar da kayan waya ke kira OTG. Wasu ƙananan tabulet masu araha ba su da wannan dama, ko kuma sai an kunna ta a cikin saiti. Tabulet mai tsohon ramin caji tana buƙatar ɗan mahaɗin OTG, mai ramin USB-C kuma tana buƙatar waya ko mahaɗin da ya dace da ita. Tsofaffin iPad masu ramin Lightning sai da mahaɗin da Apple ke kira na kamara.

Sannan a tabbatar fiyanon yana cikin waɗanda ke aiki da zarar an jona su, ba tare da an saka wata manhajar direba ba, domin tabulet ba ta karɓar irin direbobin da ake sakawa a babbar kwamfuta. Yawancin ƙananan fiyanon da ke kasuwa yanzu haka suke. Haka kuma kada a biya ƙarin kuɗi saboda manhajojin kyauta da aka jera a jikin kwali, domin galibinsu na babbar kwamfuta ne.

Akwai masu aiki da Bluetooth, irin su Korg microKEY Air mai amfani da ƙananan batura biyu. Sun fi sauƙin haɗuwa da iPad, amma a kan Android ba kowace manhaja ke gane su ba. Kada a rikita wannan da abin sauraro na kunne mai Bluetooth, wanda ke kawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin sauti har makaɗi ya kasa bin kiɗa. Mai waya ya fi dacewa da wannan aiki.

Batun wuta

Yawancin fiyanon MIDI daga tabulet suke zuƙar wuta. A yankin da wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos, wanda ke kula da jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai, ba ta tsayawa kullum, wannan alheri ne, domin tabulet mai caji da fiyano sun isa a yi aiki ba tare da janareta ba. Amma akwai sharaɗi. Fiyano mai fitilu da allo da yawa yana saurin cinye batir, kuma iPad mai ramin Lightning tana iya ƙin karɓarsa, ta nuna saƙon cewa na'urar na buƙatar wuta fiye da kima.

Ga kuma wata matsala: tabulet da yawa rami ɗaya ne da su. Idan fiyano ya kama shi, babu wurin caji, a wasu sababbi ma babu wurin abin sauraro. Maganin shi ne mahaɗi mai rassa, wanda ke ba da damar jona fiyano da abin sauraro da fawa-banki a lokaci guda. Ya kamata a lissafa kuɗinsa tun farko a cikin kasafin sayen.

Maɓallai nawa suka isa?

Maɓallai 12, fari da baƙi, su ne zango ɗaya na sauti. Fiyano mai maɓallai 25 yana da zango biyu, mai 37 uku, mai 49 huɗu, mai 61 biyar, cikakken fiyano kuwa 88 ne. Mai 25, kamar Akai MPK Mini ko Arturia MiniLab, yana shiga jaka, kuma ya ishi wanda ke ɗora kiɗa layi bayan layi da hannu ɗaya. Yana da maɓallin hawa ko sauka zuwa wani zango, saboda haka babu sautin da ya gagare shi. Wanda ke son koyon kaɗawa da hannu biyu, ko ya raka mawaƙi kai tsaye, ya fi dacewa ya fara daga 49, kamar M-Audio Keystation 49.

Girman maɓallan ma abin dubawa ne. Ƙananan fiyano suna da tsukakkun maɓallai, waɗanda ke takura wa mai manyan yatsu, musamman wanda ya saba da Yamaha.

Abin da kiɗan Hausa ke buƙata

Abubuwa uku sun fi yawan maɓallai muhimmanci. Na farko shi ne jin ƙarfin danni. MIDI na auna shi a ma'auni daga 0 zuwa 127, kuma fiyanon da ba ya bambanta danni mai taushi da mai ƙarfi yana fitar da kiɗa marar rai, ganga ta zama kamar bugun agogo.

Na biyu shi ne abin lanƙwasa sauti, wanda ke zuwa a siffar ƙaramar taya ko sanda ko zirin shafawa a gefen hagu. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsirkiyarsa a hammata, sautin ya hau ko ya sauka. Goge da algaita su ma suna zamewa tsakanin sautuka. Maɓallan fiyano kaɗai ba sa iya wannan, sai da abin lanƙwasawa, kuma da yawa sun fi jin daɗin taya ko sanda saboda suna komawa tsakiya da kansu a ƙarƙashin yatsa.

Na uku su ne faifan roba masu kusurwa huɗu da ake bugawa da yatsa. Wanda kiɗansa ya dogara da ganga zai iya ɗaukar sautin kalangu ko kotso ko ƙwarya na gaske daga makaɗin garinsu, ya ɗora kowane bugu a kan faifai ɗaya a manhajar da ke ba da wannan dama. Akai MPK Mini na da irin waɗannan guda takwas.

Mai tsohon fiyano ba sai ya sayi sabo ba

Fiyanon Yamaha da Casio da yawa suna da rami a baya da ke aika saƙon MIDI. Sababbi suna da na USB, tsofaffi kuma suna da zagayayyen rami mai ƙofofi biyar, wanda ake haɗawa da wayar da ke mayar da shi USB. Waya ɗaya na iya ceton kuɗin sabuwar na'ura gaba ɗaya.

A gwada kafin a biya

Ko a Azare za a saya, ko a Bauchi, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano, mai saye ya tafi da tabulet ɗinsa, da manhajar da zai yi aiki da ita, da abin sauraronsa. A jona a gaban mai kaya, a danna kowane maɓalli a hankali sannan da ƙarfi, a motsa abin lanƙwasa sauti, a ɗan girgiza wayar a bakin ramin a ga ko haɗin zai yanke, domin ramin na cikin wuraren da suka fi saurin lalacewa a kayan hannu. Idan sauti na makara bayan danni, sau da yawa laifin tabulet ne ko saitin manhaja, ba na fiyano ba, kuma sayen mai tsada ba zai gyara hakan ba.

Bayan an kai shi gida, a riƙa lulluɓe shi da ƙyalle, musamman lokacin hunturu, domin ƙurar da ke shiga ƙarƙashin maɓallai na sa su daina amsawa. A kuma nemi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa, domin ga wanda ya taso daga Chinade, komawa Kano saboda maɓalli ɗaya da ya mutu wata asara ce ta kuɗin mota da ta yini guda.